GAWAYI DA TSABTAR RUWAN SHA: ABIN DA YA KAMATA KOWANE MAGIDANCI YA SANI

GABATARWA

A ko'ina cikin ƙasar nan, birni da ƙauye, mutane sun daɗe da sanin cewa gawayi yana gyara ruwa. Wasu kan jefa shi cikin randa ko rijiya in ruwa ya soma wari, wasu kan daka shi su haɗa da yashi su tace ruwan rafi. A 'yan shekarun nan kuma kasuwanni sun cika da matatun ruwa na zamani, waɗanda akasarinsu gawayi ne a ciki, ana ɗaura su a bakin famfo ko a gindin tanki. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai, amma kamar kowane kayan aiki, tana da iyakar abin da za ta iya yi. Wanda bai san iyakar ba yana iya shayar da iyalinsa cuta alhali yana zaton ya tsare su.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce bayyana wa jama'a yadda gawayi ke aiki a cikin ruwa, da abin da yake cirewa, da abin da yake bari. Gundarin maganar kuwa shi ne: gawayi yana kau da wari da launi da ɗanɗano, yana kuma rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe su. Saboda haka ruwan da aka tace da gawayi bai zama abin sha ba tukuna sai an tafasa shi ko an sa masa magani. An ɗauki garin Dutse Alhaji na Babban Birnin Tarayya don misali, domin halin da ruwa yake ciki a can ya yi daidai da na garuruwa masu yawa da ke bunƙasa cikin hanzari.

HALIN RUWA A DUTSE ALHAJI

Dutse Alhaji yana cikin Ƙaramar Hukumar Bwari, a kan hanyar da ta tashi daga wajen Kubwa ta nufi garin Bwari. Ƙasar Gbagyi ce tun asali. Bayan da aka kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, musamman kuma bayan da gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a daga kowane sashe na ƙasa suka yi ta kwararowa, garin ya cika ya batse, gidaje suka hau kan duwatsu suka gangara cikin kwaruruka.

Ba nisa da garin, kusa da Ushafa, akwai Madatsar Ruwa ta Usuma, wadda ita ce babbar mashayar Abuja, ana kuma ƙara mata ruwa ta bututu daga Madatsar Gurara da ke Jihar Kaduna. A nan Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya take sa wa ruwa alif don laka ta kwanta, ta tace shi ta cikin yashi, sa'an nan ta sa masa sinadarin kulorin kafin ta tura shi cikin bututu. Duk da wannan kusanci, ba kowane gida ne famfo ya isa ba, domin gini ya riga shimfiɗa bututu. Gidaje da yawa sun dogara ga rijiyar burtsatse, ko rijiyar hannu, ko 'yan garuwa masu turo jarkoki a kura, ko ruwan leda.

Ƙarƙashin wannan yanki dutse ne mai tauri. Ruwan ƙasa yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogin da ke ƙasa da shi. Inda gidaje suka cunkushe, masai da ramin ruwan ƙazanta sukan kasance 'yan taku kaɗan daga rijiya. Da damina, watau daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwan sama yakan wanko ƙazanta daga tudu zuwa gangare, ya shiga rijiyar da ba ta da murfi ko dakali, ko ya bi tsagar dutse ya tarar da ruwan ƙasa. Ruwan da ya biyo ta tsagar dutse yana iya fitowa garau kamar hawaye, ga sanyi ga daɗi, amma yana ɗauke da cuta. Irin wannan shi Hausawa ke ce wa kyan ɗan maciji.

CUTUTTUKAN DA RUWA KE KAWOWA

Ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa iri uku ne manya. Akwai bakteriya, waɗanda ke haddasa kwalara, watau amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da wani nau'in atuni. Akwai bairas, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, su ne ke kawo wasu nau'o'in ciwon shawara da yawancin gudawar jarirai. Akwai kuma wasu 'yan halittu da suka fi bakteriya girma, masu ƙunshe kansu cikin ɓawo mai tauri, su ma suna sa gudawa mai daɗewa. Dukansu ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan mutum ko na dabba zuwa bakin wani.

Kwalara ta shigo ƙasar nan da ƙarfi a ƙarshen 1970 da cikin 1971, tun daga nan kuwa ba ta daina dawowa ba. A 1991 ta kama mutum fiye da 59,000, ta kashe fiye da 7,000. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Babban Birnin Tarayya yana cikin wuraren da abin ya shafa.

Masana ba sa neman kowace cuta ɗaya bayan ɗaya in suna gwada ruwa. Sukan nemi wata bakteriya mai suna E. coli, wadda mazauninta hanjin mutum ne da na dabba. In an same ta, an tabbata bayan gida ya taɓa ruwan. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta fitar a 2007 aka kuma sabunta a 2015, ta ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya sami wannan ƙwaya a ruwan wajen kashi 77 cikin 100 na jama'a a wurin ɗiba, ya kuma same ta a na wajen kashi 90 cikin 100 a ruwan da ke ajiye a gida. Ma'anar wannan ita ce ruwa yakan ƙara ƙazanta tsakanin bakin rijiya da bakin mai sha.

MENE NE GYARARREN GAWAYI

Idan aka ƙona itace a inda iska ba ta shiga sosai, ruwa da hayaƙin da ke cikinsa sukan fice, a bar baƙin abu mara nauyi. 'Yan hanyoyin da ruwa ke bi a jikin itacen tun yana ɗanye ba sa toshewa duka, sai su zama kafofi. Shi ya sa gawayi yake da sakayau, kuma shi ya sa in an jefa shi a ruwa akan ga kumfa tana fitowa daga jikinsa.

Gawayin da ake sawa a matatun zamani ya wuce na girki. Bayan ƙunar farko, akan sake shigar da shi wuta mai zafin digiri 800 zuwa 1,000, a busa masa tururi, tururin ya yi ta cin jikinsa yana huda kafofi bila adadin. Wata hanyar kuma ita ce a jiƙa itacen da wani sinadari kafin a ƙona, sa'an nan a wanke. Abin da ya fito shi ake kira gyararren gawayi. Ana yinsa da ƙoƙon kwakwa, da ƙwallon kwakwar manja, da katako, da kwal. Jami'o'in ƙasar nan sun yi ta gwada yinsa da ɓawon gyaɗa, da totuwar masara, da buntun shinkafa, abubuwan da manoma kan zubar ko su cinna musu wuta.

Ƙarfin gyararren gawayi yana cikin yawan bangon da ke cikin kafofinsa. Da za a iya buɗe kafofin giram ɗaya tak a shimfiɗa, da sun rufe murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Watau cokalin shayi uku na mai kyau yana da faɗin ciki kamar filin ƙwallo guda. Gawayin girki bai ko kusa da haka ba, domin yawancin kafofinsa a toshe suke da kwalta da toka.

Sanin amfanin gawayi tsoho ne. Littattafan magani na tsohuwar Indiya sun ambaci tace ruwa da shi, matuƙan jiragen ruwa na Turai kuma sukan babbake cikin gangar katako don ruwa ya daɗe bai yi wari ba. A 1785 wani masani a Rasha mai suna Lowitz ya nuna cewa gawayi yana cire launi daga ruwa. A 1900 da 1901 Raphael von Ostrejko ya yi rajistar hanyoyin gyara gawayi waɗanda masana'antu suka gina aikinsu a kai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an cika takunkumin sojoji da shi don tsare su daga iska mai guba. Wajen 1930 gidajen ruwa a Jamus da Amurka suka soma amfani da shi. Abin lura a nan shi ne, don gyara wari da ɗanɗano suka ɗauke shi. Aikin kashe ƙwayoyin cuta kuwa kulorin suka bar wa, wanda wani birnin Amurka, Jersey City, ya fara zubawa a ruwansa kullum tun 1908.

ABIN DA GAWAYI YAKE CIREWA DA ABIN DA YAKE BARI

Gawayi ba kamar rariya yake aiki ba kawai. Yayin da ruwa ke ratsa shi, ƙananan sinadaran da suka narke a ciki sukan shiga kafofin su manne a bango, kamar yadda ƙura ke manne wa rigar da ta sha mai. Ta haka yake kama abubuwan da ke sa ruwa warin ruɓaɓɓen ganye ko gansakuka, da launin rawaya na ruwan fadama, da ragowar magungunan feshi na gona masu yawa, da ɗan abin da ya zubo na man fetur. Yana kuma cinye kulorin ƙwarai da gaske.

Akwai abubuwan da ba ya iya musu. Ba ya cire gishiri, ba ya gyara ruwa mai zartsi, ba ya cire sinadarin da ke shiga rijiya daga takin zamani da masai, wanda ke da haɗari ga jarirai. Bugu da ƙari, bangon kafofin yana da iyaka. Ranar da ya cika, gawayin ya gama aiki, ko da a ido bai canja ba, ruwa zai riƙa wucewa yadda ya shigo.

GAWAYI DA BAKTERIYA

Nan ne mutane da yawa suke kuskure, saboda haka ya kamata a natsu a fahimta.

Kafofin gyararren gawayi hawa uku ne: ƙanana, matsakaita, da manya. Mafi yawan faɗin nan da aka ambata yana cikin ƙananan ne, waɗanda faɗin bakinsu bai kai kashi 2 cikin miliyan na milimita ba. Ita kuwa bakteriya, duk da ƙanƙantarta, tana kai wajen kashi 1 cikin dubu na milimita. Watau ta ninka bakin kafar kamar sau 500. Da a ce kafar ta kai ramin cinnaka, to, da bakteriya ta kai rago. Saboda haka bakteriya ba ta shiga cikin kafofin da ke kama wari da launi. Iyakarta bayan ƙwayar gawayin da bakin manyan kafofi.

Ta ɗaya gefen kuma, sararin da ke tsakanin ƙwayar gawayi da 'yar'uwarta a cikin matata yana da faɗi ainun in an gwada da jikin bakteriya. A nan ita ce cinnaka, sararin kuwa ƙofar gari. Wasu sukan yi karo da gawayin su manne, domin jikinsa yana da kaushi, wasu kuma su wuce abinsu. Yawan waɗanda za su manne ya dogara ga laushin gawayin, da kaurin shimfiɗarsa, da saurin ruwan. Gawayi mai laushi da ruwa mai tafiya a hankali sun fi kamawa. Manyan gutsattsari da ruwa mai gudu ba sa kama abin kirki.

Ragewa kuma ba ita ce kawarwa ba. A ɗauka, don misali, moɗa guda tana da ƙwaya 1,000, matata ta kama 90 cikin kowace 100. Saura 100 ke nan a moɗar, kuma sun isa su kwantar da yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ma'aunin da ta fitar a 2011 don kayan tsabtace ruwa na gida, ta ce mafi ƙarancin abin da za a kira kariya shi ne a kawar da bakteriya 99 cikin 100, kariya mai ƙarfi kuwa sai an kawar da 9,999 cikin 10,000. Matatar gawayi da yashi da aka haɗa a gida ba a dogara da ita ta kai ko matakin farko.

Abu na uku ya fi waɗannan muhimmanci. Bakteriyar da ta manne ba mutuwa ta yi ba. Ta sami masauki ne mai laima da duhu, ga abinci a gefenta, domin dattin da gawayin ya tara shi ne cimarta, ga shi kuma gawayin ya cinye kulorin da zai kashe ta. Sai ta hayayyafa, ta yi wani yauƙi a jikin gawayin. Tun cikin shekarun 1970 masu bincike a Amurka suka lura cewa ruwan farko da ya fito daga matatar gawayi da ta kwana ba a buɗe ba yakan fi wanda ya shiga yawan bakteriya. In ruwan famfo ne mai magani ke shiga, yawancin waɗannan ƙwayoyi ba masu cutarwa ba ne. Amma in ruwan rijiyar da masai ya gurɓata ne, to, masu cutarwa ma suna iya fakewa a ciki. An kuma gano cewa ɓurɓushin gawayi da ya biyo ruwa yana iya kāre bakteriyar da ke manne da shi daga kulorin. Tsohuwar matatar da ba a canja gawayinta ta fi rashin matata haɗari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

DABARUN DA AKA ƘARA

Masana sun bi hanyoyi da dama don cike wannan giɓi. Ta farko ita ce a niƙa gawayin ya zama gari, a matse shi da wani abin haɗi ya zama dunƙule mai tauri, wanda sararin cikinsa bai wuce rabi zuwa kashi 1 cikin dubu na milimita ba. Irin wannan yana tare halittun nan masu ɓawo, waɗanda wasunsu kulorin ba ya kashe su da sauƙi, yana kuma rage bakteriya fiye da gawayin tsaba. Amma bairas yana ratsa shi, kuma in dunƙulen ya tsage ko robar bakinsa ta saki, ruwa zai bi ta nan bai tatu ba.

Ta biyu ita ce a shafa wa gawayin azurfa kaɗan, domin azurfa tana hana bakteriya yaɗuwa. Amfanin wannan shi ne rage hayayyafa a cikin matatar kanta. Ba ta da saurin da za ta kashe duk abin da ke cikin ruwa mai wucewa, kuma tana ƙarewa da daɗewa.

Ta uku ita ce a haɗa gawayi da wani abu da ya fi shi tarewa: kaskon yumɓu gasasshe mai ƙananan kafofi, ko wata fata ta roba mai matsattsun huji, ko fitilar haske mai kashe ƙwayoyi. A irin wannan haɗi kowane yana da aikinsa, yumɓu ko fata su tare ƙwayoyi, gawayi ya gyara wari da ɗanɗano. Ana kuma ci gaba da bincike a kan gawayin da ake yi da ragowar amfanin gona, a gauraya shi da yashi, ko a shafa masa tama, don ya ƙara kama bakteriya. An ga alamun nasara a ɗakunan gwaji, amma sakamakon yakan bambanta bisa ga irin gawayin da irin ruwan, don haka bai zama abin da magidanci zai jingina ran iyalinsa a kai ba.

MATAKAI HUƊU NA TSABTACE RUWA A GIDA

Hanya mai aminci ita ce a bi matakai huɗu, kuma a bi su a jere.

1. Kwantarwa. In ruwa ya yi gurɓi, a bar shi a bokiti mai murfi har laka ta kwanta. Ɗan alif ko dakakken irin zogale yana hanzarta wannan. A tsiyaye na sama a hankali.

2. Tacewa. A bi da shi ta tsabtataccen ƙyalle da aka ninka, sa'an nan ta matatar yashi da gawayi in akwai.

3. Kashe ƙwayoyi. A tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko a sa masa maganin kulorin, na ruwa ko na ƙwaya, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha.

4. Ajiya. A zuba shi a jarka ko tulu mai ƙaramin baki da murfi. In randa ce, a rufe ta, a keɓe mata moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, ba a kuma ajiye ta a ƙasa.

Gargaɗi: kada a sa kulorin sa'an nan a tace da gawayi don a ajiye. Ɗan warin kulorin da ke saura a ruwa shi ne mai gadinsa a cikin randa, gawayi kuwa zai cinye shi. Gawayi da fari, magani daga baya. Haka nan mai famfon gwamnati da ya ɗaura matatar gawayi a bakin famfonsa ya sani cewa ruwan da ya fito ba shi da sauran kariya. Ya ɗebi abin da za a sha a ranar kawai, kowace safiya kuma ya bar famfon ya ɗan zuba kafin ya tara.

YADDA AKE HAƊA MATATA A GIDA

A sami bokiti mai murfi mai cin lita 20, a huda shi kusa da gindi a sa ɗan famfo. A shimfiɗa wankakkiyar tsakuwa mai kaurin santimita 5 a ƙasa, a rufe da ƙyalle. A bi da gawayi santimita 10, a sake rufewa da ƙyalle, sa'an nan wankakken yashi mai laushi santimita 10. A ɗora faranti mai huji a saman yashin don zubin ruwa kada ya tona shi.

Gyararren gawayi na sayarwa ya fi. In babu, a zaɓi na itace mai tauri irin su ƙirya da marke, wanda ya ƙone sarai, ba ya hayaƙi in an hura shi. A daka shi ya zama kamar tsabar dawa, a tankaɗe garin, a wanke har ruwan ya daina baƙi, sa'an nan a tafasa shi kafin a shimfiɗa. Kada a yi amfani da gawayin katako mai fenti, ko wanda kananzir ya taɓa, ko dunƙulen da ake haɗawa da sinadarin kama wuta. A zubar da ruwan da ya fara fitowa har sai ya yi garau.

A riƙa amfani da matatar kowace rana, domin ruwan da ya kwanta a ciki kwana da kwanaki shi ne ya fi haɗari. A canja gawayin gida kowane wata, ko kafin haka in wari ko yauƙi ya bayyana. Shanya tsohon gawayi a rana ba ta mayar da ƙarfinsa. A kai shi murhu ko a zuba a gona. Na sayarwa kuma a canja shi a lokacin da masu yinsa suka ƙayyade, a rubuta ranar da aka sa shi a jikin matatar don kada a manta.

GA MASU SANA'AR RUWA DA SHUGABANNIN UNGUWA

Mai rijiyar burtsatse da ke sayar wa jama'a ruwa amana ce a hannunsa. Tukunyar gawayi a gindin tanki ba ta isa ba. Lalle ne ya sa kulorin bayan gawayin, ya wanke tankinsa a kai a kai, ya kuma kai ruwansa ɗakin gwaji, musamman a farkon damina. 'Yan garuwa su riƙa wanke cikin jarkokinsu, su rufe bakinsu da murfi na ainihi, kada su toshe da tsumma ko leda da aka tsinta. Masu yin ruwan leda suna ƙarƙashin kulawar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma mai saye ya duba lambar rajista da ranar da aka yi shi.

Masu unguwanni da ƙungiyoyin masu gidaje su sa ido kada a haƙa rijiya kusa da masai. Tazarar da aka saba bayarwa ita ce mita 30, kuma rijiya ta kasance ta wajen tudu, masai ta wajen gangare. A ƙasa mai tsagaggen dutse irin ta Dutse Alhaji ko wannan tazarar ba ta ba da tabbaci, don haka gwajin ruwa da sa magani ba su da makawa. A yi wa kowace rijiya dakali da murfi da guga nata na kanta. In an ga bututun gwamnati ya fashe, musamman wanda ya ratsa kwata, a sanar da Hukumar Ruwa nan da nan, domin lokacin da aka ɗauke ruwa ƙazanta takan shiga ta wurin fashewar.

IDAN GUDAWA TA ƁULLA

Abin da ke kisa a kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan. Da zarar an ga gudawa mai ruwa-ruwa, a soma ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari na ƙunshi wanda ake samu a asibiti da kantin magani. In babu, a auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar zuwa asibiti mafi kusa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono. Kada a tsaya jiƙa gawayi a ba mara lafiya da sunan magani, domin ba ya mayar da ruwan da jiki ya rasa. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa mara lafiya ko kayansa, a kuma sanar da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma.

KAMMALAWA

Gawayi abu ne mai araha, yana samuwa a ko'ina, kuma aikinsa na gyara wari da launi da ɗanɗanon ruwa tabbatacce ne. Ruwan da ya ratsa shi ya fi karɓar kulorin, ya kuma fi daɗin sha. Amma tsabtar da ido ke gani da wadda ke tsare rai ba ɗaya ba ne. Ana roƙon kowane magidanci da kowace uwargida su riƙe jerin nan: a kwantar, a tace, a tafasa ko a sa magani, a rufe. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, malamai kuma su bayyana wa ɗalibansu. Rigakafi ya fi magani.